Idon Malami: Yadda Malaman Firamare Ke Gane Yaron da Ake Cutarwa da Yadda Suke Kai Rahoto

Gabatarwa

In aka ɗebe iyaye, babu wani babba da ke daɗewa tare da yaro ɗan firamare kamar malamin ajinsa. Tun daga kiran suna da safe har zuwa tashi da azahar, kwana biyar a kowane mako, yaron yana gaban malami. Malami ya san tafiyarsa, ya san muryarsa, ya san ranar da ya zo da kuzari da ranar da ya zo a sanyaye. Likita kan ga yaro na 'yan mintoci, shi ma sai an kai masa shi. Wannan ne ya sa masana lafiyar yara suke ɗaukar ajin firamare a matsayin wurin da aka fi sa ran a fara gane yaron da ake cutarwa a gida ko a unguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cin zarafin yara gida huɗu: cutar da jiki ta hanyar duka ko ƙona ko shaƙewa, yin lalata da yaro, cutar da zuciyarsa ta hanyar zagi da tsoratarwa da wulaƙanci, sai kuma sakaci, wato barin yaro babu abinci ko magani ko kulawa alhali akwai halin yi. Kowanne daga cikinsu yana barin alama, wani a fata, wani a ƙashi, wani a ɗabi'a. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ilimin halittu ya fassara waɗannan alamu, da abin da ake bukata malami ya yi idan ya gan su.

Yadda Likitoci Suka Fara Ganewa

A shekarar 1860 wani likita Bafaranshe mai suna Ambroise Tardieu ya wallafa bayanin yara 32 da iyayensu ko masu riƙonsu suka azabtar, 18 daga cikinsu sun mutu. Likitocin zamaninsa ba su ba wa aikin muhimmanci ba. Sai a 1946 wani masanin hoton ƙashi a Amurka, John Caffey, ya ba da labarin jarirai shida da aka samu da taruwar jini a cikin ƙoƙon kai tare da karaya da dama a ƙasusuwan hannu da ƙafa, kuma iyayensu ba su ba da labarin wani hatsari ba.

Babban sauyi ya zo a 1962, lokacin da Dokta Henry Kempe da abokan aikinsa na birnin Denver suka tattara rahoto daga asibitoci 71. A cikin shekara guda an samu yara 302 da aka ji wa rauni da gangan. 33 sun mutu, 85 kuma sun samu lahani na dindindin a ƙwaƙwalwa. Rahoton ya girgiza jama'a, har ta kai tsakanin 1963 da 1967 kowace jiha a Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa likitoci kai rahoto. Daga baya aka shigar da malaman makaranta cikin waɗanda dokar ta hau kansu. A shekarun da suka gabaci 2020, kusan ɗaya cikin kowane rahoto biyar da hukumomin kare yara na Amurka ke samu daga ma'aikatan makaranta yake fitowa. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, yawan rahoto ya faɗi ƙwarai, domin idon da ke gani ya kau.

Abin da Fata Ke Faɗa

Idan abu ya bugi jiki da ƙarfi, ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata sukan fashe, jini ya malala ya kwanta a cikin tsoka. Jiki kan aiko da wasu ƙwayoyin halitta su cinye jajayen ƙwayoyin jinin da suka zube, su farfasa sinadarin himogulobin da ke cikinsu. Da farko yakan koma bilibadin mai launin kore, daga nan ya koma bilirubin mai launin rawaya. Abin da ke sa wurin da aka buge yake sauya launi ke nan kafin ya warke. A da, littattafan likitanci sun yi jadawalin da ke cewa launi kaza na nufin kwana kaza. Binciken da aka yi daga 1991 zuwa yau ya nuna cewa wannan jadawali ba abin dogaro ba ne, domin zurfin raunin da wurin da yake da launin fatar mutum duk suna sauya abin da ido ke gani. A baƙar fata kuwa, sau da yawa launin ba ya fitowa sosai. Abin da malami zai fi lura da shi shi ne kumburi, ko duhun da ya fi na sauran fata, ko zaburar yaro idan an taɓa wurin, ko ɗingishi, ko zama a karkace a kan benci.

Abu na biyu, wanda ya fi launi muhimmanci, shi ne wurin da raunin yake. Yaro mai lafiya ba ya rabuwa da ƙujewa da 'yan raunuka, saboda guje-guje da ƙwallo da hawan bishiya. Amma mai faɗuwa gaba yake faɗuwa, kuma wuraren da ƙashi ke kusa da fata su ne ke haɗuwa da ƙasa: ƙauri, gwiwa, gwiwar hannu, goshi da haɓa. Wuraren da nama ya rufe ko suke a ɓoye, kamar kunne, wuya, kumatu, ciki, gadon baya, mazaunai da cikin cinya, ba safai faɗuwa ke kai musu ba. A 2010 wata likitar yara a Amurka, Mary Clyde Pierce, da abokan aikinta sun nuna cewa kwanciyar jini a gangar jiki ko kunne ko wuya ga yaron da bai wuce shekara huɗu ba alama ce mai ƙarfi ta duka. An yi binciken ne a kan ƙananan yara, amma hikimar da ke cikinsa tana da amfani ga malamin kowane aji. Haka nan rauni a bayan damtse da bayan hannu yakan nuna yaro ya ɗaga hannu ne don ya kare fuskarsa.

Abu na uku shi ne siffar raunin. Tsumagiya ko sanda kan bar layi biyu a jere da fili a tsakaninsu, domin bugun yana tura jini gefe da gefe, hanyoyin jinin su fashe a bakin inda sandar ta sauka. Wayar lantarki da aka ninka kan bar shati mai lanƙwasa. Tafin hannu kan bar shatin yatsu a kumatu. Ƙunar taba sigari kan zama zagayayya mai zurfi, faɗinta kamar santimita guda. Ruwan zafin da ya zubo bisa tsautsayi kan bar ƙuna mai fantsama marar tsari, amma hannun da aka tsoma aka riƙe a cikin ruwan zafi kan ƙone da iyaka miƙaƙƙiya, kamar an sa masa safar hannu. Idan kuma raunuka suna da yawa, wasu sababbi wasu sun soma warkewa wasu sun zama tabo, to abin ya faru ne fiye da sau ɗaya. Haka ƙashi yake: bayan mako ɗaya zuwa biyu da karaya, sabon ƙashi kan fara bayyana a hoto, don haka likita na iya gane karaya tsohuwa da sabuwa a jikin yaro ɗaya.

Abubuwan da Ke Kama da Duka

Wajibi ne malami ya san cewa akwai lalurorin da ke kwaikwayon waɗannan alamu. Cutar rashin daskarewar jini, wadda ta fi kama maza, kan sa ɗan ƙaramin bugu ya haifar da babban kumburi. Sikila kan kumbura hannu da ƙafa, ta sa yaro ciwon ƙashi da ɗingishi. Yara da yawa a Afirka da Asiya ana haifarsu da wani shuɗin tabo a ƙugu ko mazaunai, wanda kan dushe da kansa yayin da suke girma. Makero da wasu ƙuraje masu ruwa kan yi kama da ƙunar taba. Akwai kuma wata cutar gado da ke sa ƙashi saurin karyewa. A ƙasar Hausa ana iya ganin shatin ƙaho ko tsagar wanzami, waɗanda aka yi da niyyar magani.

Rarrabe waɗannan aikin likita ne. Abin da ke hannun malami shi ne ya auna labarin da aka ba shi da raunin da ya gani. Yaron da aka ce ya faɗo daga kan keke, amma shatin da ke bayansa layi-layi ne, labarinsa bai dace da rauninsa ba. Haka nan idan yaro ya faɗi wani abu, uwa ta faɗi wani, ko labarin ya sauya daga Litinin zuwa Laraba, ko an bar babban rauni kwanaki ba a kai shi asibiti ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da Tsoro Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Yawancin cutarwa ba ta barin shati a fata. Tana bayyana ne a ɗabi'a, kuma ilimin halittu ya bayyana dalili. Idan mutum ya tsorata, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala kan ba da gargaɗi. Saƙo ya bi ta jijiyoyi da kuma cikin jini zuwa wasu 'yan kaluluwa biyu da ke zaune a bisa ƙoda, su kuma su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan tsari rahama ne ga wanda ya haɗu da maciji a hanya, domin da zarar hatsarin ya wuce komai kan koma daidai.

Yaron da abin tsoronsa yake cikin gidansu ba ya samun wannan hutu. Tsarin gargaɗin nasa kan kasance a kunne dare da rana, alhali ƙwaƙwalwarsa tana cikin girma. Sassan da abin ya fi shafa sun haɗa da hifokamfos, mai kula da ajiye abin da aka koya, da kuma gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da natsuwa da danne fushi. Saboda haka malami kan ga yaron da ke zabura idan an ɗaga hannu don a rubuta a allo, ko mai bin fuskar manya da kallo kamar mai jiran wani abu, ko wanda karatunsa ya faɗi ƙasa a zango guda ba tare da ciwo ba. Wani kan zama mafaɗaci mai cin zalin na ƙasa da shi, wani kuma ya yi shiru ya janye daga wasa. Akwai mai riga kowa zuwa makaranta ya kuma ƙi tafiya gida idan an tashi. Akwai wanda fitsari ke kufce masa a aji bayan ya daɗe da wuce wannan mataki. Matsanancin ƙunci na iya rage fitar sinadarin girma, har yaro ya tsumbure, kuma an sha ganin irin waɗannan yara sun soma girma da sauri bayan an raba su da wurin da ake cutar da su.

Yaron da ake lalata da shi kan nuna sanin al'amuran manya da ya wuce shekarunsa, a magana ko zane ko wasa. Yana iya jin zafi wajen zama ko fitsari, ko ya riƙa gudun wani mutum takamaimai, ko a gan shi da kuɗi da kyaututtukan da ba a san mafarinsu ba. A mafi yawan lokuta mai aikata abin sananne ne ga yaron: ɗan uwa, maƙwabci, mai shago, ko wanda ke sayen kayan tallar yarinya. Sakaci kuma kan bayyana a yunwa ta kullum, da ciwon da aka bari ya ruɓe, da barci a aji, da yawan fashi. A nan dole a bambanta talauci da sakaci. Gidan da babu, kowa a cikinsa yana jin jiki. Amma idan yaro ɗaya ne ke ramewa a cikin 'yan uwa ƙosassu, kamar yadda kan faru da wasu marayu da 'ya'yan riƙo, akwai abin dubawa.

Illar ba ta tsaya a yarinta ba. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafa sakamakon wani bincike da ya shafi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego. Sun gano cewa gwargwadon yawan nau'in wahalar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon ƙaruwar hatsarin kamuwarsa da ciwon zuciya, ciwon hanta, baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye. Sai dai bincike ya kuma nuna cewa samun babba guda ɗaya amintacce, wanda yaro ya san yana tare da shi, na rage wannan illa ƙwarai. Sau da yawa wannan babba malami ne.

Darasi Daga Coventry

A watan Maris na 2012 wani yaro ɗan shekara huɗu ya mutu a birnin Coventry na Ingila sakamakon duka a ka, nauyinsa bai kai kilo 11 ba. Watanni kafin haka malamansa sun ga yana ramewa, yana ɗaukar abincin 'yan ajinsu, har yana tsintar na kwandon shara. Sun ga raunuka a fuskarsa da wuyansa. Uwarsa ta ce yana da wata cuta ce mai sa yawan ci, aka kuma yarda da ita. A 2013 kotu ta samu uwar da mutumin da take zaune da shi da laifin kisan kai.

Kwamitin da ya binciki lamarin ya gano cewa kowane malami ya ga wani abu, amma ba a rubuta abubuwan a wuri ɗaya yadda za a haɗa su a ga cikakken hoto ba. An saurari uwa, ba a zauna da yaron an tambaye shi halin da yake ciki ba, ga shi kuma bai iya Turanci sosai ba. Darasin a fili yake: alama ɗaya ba ta cika zama hujja ba, sai an tara ta da 'yan uwanta, kuma ba za su taru ba sai an rubuta.

Matakan Kai Rahoto

Idan yaro ya buɗe baki da kansa, abu na farko shi ne malami ya natsu, ya saurara, kada fuskarsa ta nuna firgita ko ƙyama. Ya bar yaron ya faɗa da kalmominsa. Tambaya irin ta "Me ya same ka a nan?" ta wadatar. Tambaya irin ta "Babanka ne ya doke ka, ko?" kuwa tana sa wa yaro magana a baki, domin yara kan amsa abin da suke zaton babba na son ji, kuma hakan na iya ɓata shari'a daga baya. Kada malami ya yi alkawarin rufe sirri. Ya gaya wa yaron cewa ya kyauta da ya faɗa, ba laifinsa ba ne, kuma za a sanar da wanda zai taimaka kawai. Kada ya tuɓe yaro don neman rauni.

Abu na biyu shi ne rubutu, a ranar, kafin mantuwa ta shiga. A rubuta kwanan wata da lokaci da wuri, da ainihin kalmomin yaron, da wurin raunin da girmansa da siffarsa, har a zana hoton jiki a sa alama. A rubuta abin da ido ya gani: "shati uku masu layi biyu a gadon baya", maimakon "an yi masa mugun duka". A sa hannu, a ajiye takardar inda ba kowa ke kai hannu ba.

Abu na uku shi ne miƙa maganar ga shugaban makaranta, ko malamin da aka ɗora wa kula da lafiyar ɗalibai, a wannan ranar. A Ingila kowace makaranta tana da irin wannan jami'i bisa ƙa'ida. A Nijeriya, daga makaranta maganar kan tafi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, ko 'yan sanda. Hukumar NAPTIP da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su ma suna karɓar ƙorafi. Idan rauni mai tsanani ne, asibiti ne farko. Idan fyaɗe ne, gaggawa ta zama tilas, domin maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. An kafa cibiyoyi na musamman don wannan aiki, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Idan kuwa shugaban makarantar ya yi biris, ko shi ne ake zargi, malami ya wuce shi kai tsaye zuwa hukuma.

Abin da ba a so shi ne malami ya tunkari wanda ake zargi da kansa, ko ya baza labarin a ofishin malamai. Na farko kan sa a huce a kan yaron da dare, ko a cire shi daga makarantar. Na biyu kan bar masa tabon da zai bi shi har girma.

Doka da Halin da Ake Ciki a Gida

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, da Dokar Hana Cin Zarafin Mutane a 2015. Jihohi sun yi nasu dokokin, Kaduna a 2018, Kano a 2023. A 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa kan tsaron makarantu da raba su da cin zarafi. Girman matsalar ya fito a binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF: yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Binciken ya kuma nuna cewa malamai maza na cikin waɗanda yara suka fi ambata a matsayin masu dukansu a wajen gida. Wannan abin tunani ne ga kowane mai riƙe da alli. Yaron da ke shan bulala a aji ba zai kawo kukansa ga mai bulalar ba.

Dalilan da ke sa malamai yin shiru sanannu ne: tsoron kuskure, tsoron iyaye masu faɗa a ji, gudun shiga sha'anin gidan wani, da kuma ɗaukar kowane duka a matsayin tarbiyya. Amma horon da ya fasa fata, ko ya karya ƙashi, ko ya hana yaro abinci, ya fita daga tarbiyya a kowace al'ada. Kuma ba a neman malami ya tabbatar da laifi. Zato mai dalili ya isa a kai rahoto, tabbatarwa kuwa aikin likita ne da jami'in jin daɗin jama'a da alƙali.

Kammalawa

Kayan aikin da malami ke bukata a nan ba su da tsada: ido mai lura, kunne mai saurare, da littafin rubutu. Ya san inda faɗuwa ke barin rauni da inda ba ta bari, ya san yadda tsoro ke sauya ɗabi'ar yaro, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa shi ga wanda ya dace a kan lokaci. Ɗaliban sakandare su ma suna da rawar takawa, domin ƙannensu sukan gaya musu abin da ba za su gaya wa manya ba. Wanda ya ji irin wannan magana ya kai ta ga malami ko wani babba da ya amince da shi. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma yaron da ke zaune shiru a bencin baya yana cikin waɗanda ake nufi.